Tsohuwar jita tana gurnani kuma wuta na ja na, in karya ƙafar filogi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gāji wata jita ƙirar Fender Stratocaster ta shekarun 1970 a wurin kawuna, haɗe da tsohuwar amfilifayarta. Tana gurnani, maɓallin murya yana ƙarƙara in na murɗa shi, kuma in leɓena ya taɓa makirfo hannuna na kan tsirkiya sai in ji wuta ta ɗan ja ni. Wani mai gyara ya ce in karya ƙafa ta uku ta filogi, gurnanin zai tafi. Ko fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) ne ya mutu? Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Zare amfilifayar nan daga soket yanzu, kada ka sake kunna ta sai ƙwararre ya duba.

Jita irin taka ba ta da batir, ba ta da wutar da za ta ja mutum. Abin da fikof ke samarwa bai kai volt 1 ba. Wutar da ka ji daga amfilifaya take, ko daga na'urar makirfon, ko wayarin ginin. Akwai wata 'yar waya a cikin jitar da ta haɗa tsirkiyoyi da jikin jak (ramin da ake soka kebul), daga nan kebul ya kai su jikin amfilifaya. Wato duk lokacin da ka ɗora yatsu a kan tsirkiya, ƙarfen amfilifayar kake riƙe da shi. Ƙafa ta ukun nan ita ce ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa, fis ya ƙone, kai ka tsira. Ka karya ta, jikinka ya zama hanyar.

Kullum sai na ci karo da filogi mai karyayyar ƙafa, kuma abin yana ɓata min rai. Wani ya sayi sukundireba da dalma jiya, yau ya zama injiniya, yana ba mutane shawarar da za ta kai su kabari. Wai ai gurnani ya ragu! To, wani lokacin yakan ragu, shi ya sa ƙaryar ta ƙi mutuwa. Wasu kuma su ce ɗan jan nan ba komai, duk tsohon kaya haka yake. Subhanallahi. Leslie Harvey wuta ta kashe shi a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya a 1972, ya taɓa makirfo. Keith Relf ya mutu a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Waɗannan ƙwararrun makaɗa ne, sun fi mu sanin kayansu. Da hannu mai gumi da leɓe mai danshi, wuta ta ƙirji take bi. Kuma kada ka buɗe amfilifayar da kanka, domin in mai bawul ce, kwandansojinta, wato sassan da ke tara wuta, suna iya riƙe sama da volt 400 ko bayan an zare ta.

Batun jitar kuma mai sauƙi ne. Fikof mai naɗi ɗaya da gurnaninsa aka haife shi, dalilin da ya sa kamfanin jita na Gibson ya fara saka hambaka, wato fikof mai naɗi biyu da ke kashe gurnani, a 1957 ke nan. Bayan ƙwararre ya duba amfilifayar, in gurnanin yana raguwa da ka taɓa tsirkiya, lafiya lau. In bai canja ba, zare kebul ɗin jitar, ɗauki mitar gwajin lantarki ka gwada tsakanin tsirkiya da jikin jak, mai yiwuwa 'yar wayar nan ta tsinke. Fikof mai rai zai nuna maka wajen 6K, wato ohm 6,000, a mitar. Ƙarƙarar maɓalli datti ne, ka fesa masa ruwan wanke kayan lantarki ka murɗa shi gaba da baya. Ban da man sukurori.

Kada ka bari kowa ya ɗora dalma mai zafi kusa da naɗin fikof, wayarsa ta yi sirantar gashi. In dole aka canja maɓalli, a sa mai 250K, ka kuma karɓi tsohon ka adana.