Tambaya da Amsa: Ɗan shekara 16 zai iya zaɓen kansila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Ɗalibaina 'yan shekara 16 da 17 suna noma, wasu suna haya da babur, kuma su ake ba liƙa fosta lokacin kamfe. Mun ji a rediyo cewa akwai ƙasashen da sa'anninsu ke jefa ƙuri'a. Ko majalisar jiharmu za ta iya ba su damar zaɓen kansila da ciyaman?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuka ji gaskiya ne. Ostiriya ta mayar da shekarun zaɓe 16 tun 2007. A Burazil tun 1988 ɗan shekara 16 yana da damar yi in ya so, wasu jihohin Jamus kuma da zaɓen ƙananan hukumomi suka fara. Mu ma nan da sai ɗan shekara 21, tsarin mulkin 1979 ne ya tabbatar da 18.

Sai dai majalisar Dutse ita kaɗai ba za ta iya ba, haka ma ta Kano. JISIEC a Jigawa da KANSIEC a Kano su ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, amma ba su da rajistar masu zaɓe tasu ta kansu. Ta INEC suke karɓa. Ita kuwa INEC ba ta rubuta sunan wanda bai cika 18 ba, domin haka sashe na 77 da na 117 na kundin 1999 suka ce, dokar zaɓe ta ƙasa ma ta maimaita. Kundin ya bar wa jiha damar yin dokar zaɓen ƙananan hukumominta, da sharaɗin kada ta ci karo da ta Majalisar Tarayya a kan rajista. Ko jiha ta yi dokar 16, yaron zai je rumfa ya tarar babu sunansa.

Hanyar da ta rage ita ce gyaran kundi bisa sashe na 9. Sai kashi biyu cikin uku na sanatoci da na 'yan majalisar wakilai sun yarda, majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. An taɓa bin wannan hanya: a watan Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Shekarun mai jefa ƙuri'a ba a taɓa su ba.

A ganinmu ɗalibanka suna da hujja. Yaron da ke biyan kuɗin tikiti a tasha, yake karatu a ajin da rufinsa ke yoyo, ya san aikin kansila fiye da manya da yawa. Inda gizo ke saƙa shi ne tabbatar da shekaru. A ƙauyukanmu haihuwar gida ta fi yawa, ana suna a watse, ba wanda ya je wurin ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa karɓar takardar haihuwa. In buƙata ta taso sai a tafi kotu a yi takardar rantsuwa, a faɗi shekarar da ake so. Ma'aikacin rajista ya dubi tsayin yaro da gashin bakinsa, ga mai unguwa a tsaye yana cewa ai ya isa. Da haka ɗan 15 ke zama ɗan 18. In aka sauko 16 a wannan hali, 'yan 13 za a gani a layi. Ba a manta da surutun da hotunan yara a rumfuna suka jawo bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Fabrairun 2018 ba. Ƙasashen da muka ambata, ranar haihuwar kusan kowane yaro tana rubuce a wurin hukuma. Don haka, Malam, ka fara da ajinka: ka bincika wa ke da takardar haihuwa, wanda ba shi da ita a kai shi ofishin hukumar a sakatariya tun bai cika 18 ba.

Tambaya: Ni uwa ce daga Sumaila. Ɗana zai cika 18 kafin zaɓe, amma bayan an rufe rajista. Za a yi masa?

Amsa: A'a, Hajiya. Ranar rajista ake duba shekarunsa, ba ranar zaɓe ba, sai ya jira a sake buɗewa. Kada kowa ya ruɗe ki da ƙara masa shekara, laifi ne a doka, kuma ranar haihuwar da ke katin za ta saɓa da ta takardun makarantarsa. In an buɗe, ya je ofishin INEC na ƙaramar hukuma da kansa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya adana 'yar takardar da za a ba shi. Idan aka kafe sunaye ya je ya duba nasa, a lokacin ake gyara kuskure. Katin ma shi zai karɓa da hannunsa, ba a aike.