Tambaya da Amsa: Ruwan Kiranberi, Ciwon Fitsari da Girki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ciwon fitsari yana yawan dawo mini, bana kaɗai sau uku. Wata ƙawata ta ce in riƙa shan lemon kiranberi na kwali, wai zai warkar da ni. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Kiranberi ɗan itace ne ja, girmansa bai wuce na magarya ba, ga tsami. A ƙasashe masu sanyi ake noma shi, musamman jihohin Wisconsin da Massachusetts a Amurka da lardin Quebec a Kanada.

Yawancin ciwon fitsari ƙwayar cutar E. coli ce ke kawo shi. Daga hanji take fitowa, ta bi hanyar fitsari ta manne a bangon mafitsara. Kiranberi yana da wani sinadari, proanthocyanidin, mai hana ta mannewa, sai fitsari ya wanke ta. Wato aikinsa rigakafi ne. Idan ƙwayar ta riga ta kafu har kina jin zafi wajen fitsari, ko kwali goma kika sha ba zai fitar da ita ba. Sai an auna fitsarin a asibiti, an ba ki maganin da ya dace, kin kuma shanye shi duka. In akwai zazzaɓi, ciwon kwiɓi ko jini a fitsari, don Allah kada ki kwana ba ki ga likita ba, domin alama ce cutar ta doshi ƙoda.

A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai nazarin binciken lafiya, ta tattara bincike 50 da aka yi a kan mutum kusan 9,000. An ga raguwar dawowar ciwon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga mata irinki, yara ma sun amfana. Ba a ga amfanin ba ga masu juna biyu, da tsofaffin da ke gidajen kula da su, da waɗanda mafitsararsu ba ta juye fitsari gaba ɗaya.

In za ki gwada, kofi ɗaya ne kullum, mililita 240, na tsawon watanni. Amma ki karanta jikin kwalin. Wanda aka rubuta "cocktail" galibi kashi 27 cikin 100 ne kawai kiranberi, kuma kofi ɗaya yana ɗauke da sukari kusan giram 30, wajen cokalin shayi bakwai. Mun fi son zallarsa marar sukari: ki zuba mililita 60, ki cike kofin da ruwa. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, su tuntuɓi likita tukuna.

Tambaya: Malamai, shin kiranberi shi ne zobon Turawa? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a malam. Launi da tsami ne suka haɗa su, har a jihar Florida ana kiran zobo da sunan kiranberin Florida. Tsirrai ne daban, kuma binciken da muka ambata bai shafi zobo ba.

Tambaya: An kawo mini tsarabar kwali biyu na zallar ruwan kiranberi, yara sun ƙi sha saboda tsami. Zan iya girki da shi? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Ƙwarai kuwa Hajiya. A Amurka da miyarsa ake cin talotalo ranar bikin godiya a watan Nuwamba, kuma yana karɓar kaza haka nan. Ki zuba kofi biyu a tukunya, da zuma cokali uku, citta ɗanya da aka goga, tafarnuwa ƙwaya biyu, kanumfari uku da ɗan gishiri. Ki bar shi a buɗe kan wuta kaɗan, kamar minti 25 zuwa 30, har ya koma rabin kofi yana kama bayan cokali. Sai saura minti goma ki sauke gasasshiyar kaza sannan ki shafa, domin in kika shafa tun farko zumar za ta ƙone ta yi ɗaci kafin naman ya nuna.

Kada ki dafa shi a tukunyar dalma, tsamin yana cin ta, sai launin ya dushe kuma ki ji ƙarfe a baki. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi. In jiƙa nama za ki yi a ciki, kada ya wuce awa biyu a firji, in ba haka ba bayan naman zai yi lugub. Madara kuwa tsinkewa take da zarar ya taɓa ta, amma yana shiga yogot lafiya. Na yara, ki haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku na ruwan abarba ko kankana, ki sa ya yi sanyi.