Rijiyar burtsatsen unguwa: a gyara janareto ko a jira kuɗin sola?

Wa'alaikumus salam. Malam, ka tambaya ko ku gyara janareton rijiyarku da kuɗin da ƙungiya ta tara, ko ku ci gaba da tarawa har su kai na sola. Ina cikin kwamitin ruwan unguwarmu, kuma mun sha wannan muhawarar.

Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Muka koma tayar da janareto sau ɗaya a wuni, mata da yara suna layi da jarkoki tun asuba, wasu su koma gida hannu rabbana.

Ba da sola muka fara ba. Kawunan famfon da ke zuba dare da rana muka canza, muka gyara bututun da ya tsage a ƙarƙashin tanki, inda har ciyawa ta tsiro don laima. Janareton kuwa gyaran lallaɓawa kawai muka yi masa. Ruwa ya fara kaiwa har la'asar, sai ga mutanen da ke ƙin biyan kuɗin jarka suna biya ba gardama. Ba wanda zai zuba kuɗinsa a famfon da ya bushe, komai daɗin alkawari. Da wannan kuɗin jarkar muka cika na sola.

In kun zo sa solar, ina roƙonku kada ku sayi batir. Injin jawo ruwa daga rijiya ya tura ruwa tanki da rana, ku sha da dare. Batir irin na gama-gari shekara 2 zuwa 3 ya gaji, faifan sola kuwa yana wuce shekara 20. Kuɗin batirin ku ƙara girman tanki da su. Ku sa a auna zurfin ruwan a bazara, lokacin da ya fi ja baya, kafin a zaɓi injin. A yi wa faifan walda saboda ɓarayi, a samu yaron da zai riƙa goge ƙurar hunturu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rijiyoyin solar da nake gani a yashe, don injin ya ƙone ba a ajiye ko sisi ba. Mu duk wata muna ware kason gyara a asusu daban, sai da sa hannun mutum uku ake taɓa shi. Janareton ma yana nan, don kwanakin hadari a damina.