Ku Tambayi Tsofaffin Sojoji: Katanga, Maigadi da Daren Harbi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa kammala gini a Lugbe, Abuja, kuma kewaye da ni duk kangaye ne, maƙwabta ba su tare ba. Magini ya ce in ƙara wa katanga tsawo in ɗora waya mai ƙaya. Kuɗin hannuna sun ja baya. Da me zan fara? — Magidanci, Lugbe

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa a shiga a sa'a. A aikin soja, shingen da babu ido a kansa ba a lissafa shi cikin tsaro. Tsani ɗaya ya gama da doguwar katanga, tsohuwar katifa kuma ta gama da waya. Da ɓarawo ya dira, katangar nan ita za ta ɓoye shi daga masu wucewa. Amfanin shinge biyu ne: ya ci wa mai shigowa lokaci, ya tilasta masa yin ƙara har ka farka. Saboda haka fara da ƙofa.

Mutane kan sayi ƙyauren ƙarfe mai tsada, sai a kafa firam ɗinsa da 'yan ƙusoshi a jikin bulo mai rami. Ba ƙyauren ake fasawa ba, firam ɗin ake ɓanɓarewa gaba ɗaya. Sa mai walda ya liƙa gutsattsarin rodi uku a kowane gefen firam, a tura su cikin bango, a cike ramukan bulon da kankare. Hinji ya kasance ta ciki. Sakata biyu, sama da ƙasa. Idan da kwaɗo za a rufe, maƙalarsa a ɗaure ta da noti ta ciki, don wadda aka ɗaura ta waje ko yaro ya kwance ta.

Sai silin, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Ana ɗaga kwano a sauko ta sama. Ba sai ka bi gidan duka ba, zaɓi ɗaki ɗaya mai banɗaki, a shimfiɗa ragar rodi a saman silinsa, a sa masa ƙofa mai ƙarfi. Nan iyali za su taru idan ta ɓaci. Amma a kowane ɗakin kwana, ƙarfen taga ɗaya ya zama mai buɗuwa ta ciki, makullinsa a rataye inda hannun na waje ba zai kai ba. Gidan da aka toshe ko'ina da ƙarfe, ranar gobara masu gidan yake kamawa.

Fitilar sola a ɗaga ta kamar mita uku, ta haska waje, ba tagoginka ba. Lokacin hunturu ƙura kan rufe farantin, batir ya mutu tun dare bai raba ba, don haka a riƙa gogewa duk mako. A sare ciyawa kamar mita biyar daga katanga, a kwashe ragowar bulo da yashi da aka jingina mata. Idan kuɗi sun saura, sai a yi zancen waya.

Tambaya: Mun haɗa kuɗi a layinmu mun ɗauki maigadi, amma sau biyu ana samunsa yana barci. Mu sallame shi? — Sakataren kwamitin unguwa, Dutsen Alhaji

Amsa: Malam, ko kun kawo wani barcin zai yi. Mutum ɗaya daga magariba zuwa asuba, wataƙila ma da rana yana wani nema, ba ya iyawa. A sansani ana sauya mai gadi ne bayan kamar awa biyu, domin daga nan hankali ya fara tafiya ko ido na buɗe. Ku ɗauki biyu su riƙa karɓeɓeniya, ko matasan layi su shiga jadawali, a fi ƙarfafa tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na dare.

Ku duba kuma inda yake zama. Maigadin da ke ƙarƙashin ƙwan lantarki yana latsa waya, kowa na ganinsa, shi ba ya ganin kowa. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya kuwa nan take yake ɓata wannan. Ya zauna a inuwa, bango a bayansa, haske a gabansa. Zagayensa kada ya zama mai lokaci sananne.

Aikinsa ba faɗa ba ne, tada mutane ne. Ku ba shi usur, tocila da waya mai kati, ku yi yarjejeniya: busa mai tsawo sau uku, kowane gida ya kunna fitilun waje ya busa nasa, kada kowa ya fito. Mutum biyu aka ɗora wa kiran 'yan sanda, don in an bar wa kowa, kowa zai zaci wani ya kira. Ku gwada wannan da rana sau ɗaya a wata. Sunayen masu sintiri kuma ku kai wa DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankinku, ya san da su.

Tambaya: Maigidana matafiyi ne. Kwanaki mun ji harbi kusa da mu, yara suka ruga taga, ni kuma na rasa abin yi. — Uwargida, Kubwa

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Abu na farko, kowa ya kwanta ƙasa, rub da ciki, a kashe fitila. Labule, ƙofar katako da gilashi suna ɓoye mutum ne kawai, ba sa tare harsashi. Ko bulo mai rami ba abin dogaro ba ne gaban bindiga irin AK-47. A ja ciki zuwa lungun da bango biyu ko fiye suka raba ku da titi. Waya a cire mata ƙara, a kira 112 ko lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, a fara da faɗin unguwa, layi da wata alama kamar masallaci ko makaranta. Raba wa yara aiki tun yau: babba ya ɗauki ƙarami, wani ya sa sakata. Ku maimaita har ya zame musu jiki.

Idan an riga an shigo, kada a yi gardama, kada a ƙura musu ido, hannu a fili, a ba da abin da suka nema. Idan wani ya ji rauni, a danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Jinin hannu ko ƙafa da ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, tazarar kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har ya tsaya, a rubuta lokacin. Igiya ko waya yanka nama suke yi. Kada a kwance sai a asibiti.

Tambaya: Ina tashi aiki da dare a Wuse, ina tsoron 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. — Ma'aikaciya, Nyanya

Amsa: Malama, shiga mota a tasha, ko da za ki daɗe a layi. Motar da ta tsaya miki a bakin titi, gilashinta baƙi, kujera ɗaya tak ta rage kuma ana matsa miki ki shiga tsakiya, bar ta ta wuce. Kafin ki zauna, taɓa hannun ƙofa ta ciki ki tabbatar yana buɗewa, ki tura wa wani na gida lambar motar. Katin bankin da albashinki ke ciki ya kwana a gida, ki riƙe wanda kuɗin mota kaɗai ke cikinsa.