Aro ba kora ba ne

Malam, ka tambaya ko kulob ya ba da ɗan wasa aro don ya gaji da shi ne. A'a, ba kullum ba. Kwantiraginsa na nan a kulob ɗin farko, ana tura shi ne inda zai samu buga wasa maimakon zaman banci.

Dubi namu Moussa Maazou, ɗan ƙwallon ƙafar Nijar: daga AS FAN ta Yamai ya tafi Lokeren a Beljiyam, CSKA Mosko ta saye shi a 2009, ta ba Monaco aronsa a 2010, sannan Bordeaux. Amma ni dai yawon ya dame ni, bai zauna wuri ɗaya ya yi saiwa ba.

Ƙanenka da ke bugawa nan Maraɗi, kafin ya sa hannu ya tambayi wa zai biya albashi, kuma wata nawa ne aron.