Wata biyar ina shan maganin maƙoshi, amma gajiya ta ƙi sakina

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Agege: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar kasuwa ce, ina saro atamfa da leshi a Balogun. Wata biyar ke nan likita ya ce tayirod ɗina, wato ƙaramar gaɓar nan ta gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ya yi rauni, ya ɗora ni a kan ƙwaya mai maikirogiram 50 kullum da safe. Har yau ina tashi kamar wadda aka yi wa dukan tsiya, ga jin sanyi, ga gashina na zubewa. Ina haɗa ƙwayar da maganin ƙarin jini, in kora da shayi mai madara kafin in fita neman mota. Yanzu wata a WhatsApp tana tallar garin ganyen teku mai aidin, wai wata uku ya warkar da ciwon. Kuɗinsa daidai yake da na gwajin jinin da likita ya ce in koma in yi. Wanne zan zaɓa?

Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki je ki yi gwajin, ki bar mai garin da garinta. Amma kafin nan, abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne yadda kike shan ƙwayar.

Wannan magani, lebotairoksin, mai zaɓen abokin tafiya ne. Sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini, da kalsiyam ɗin madara, suna riƙe shi a hanji su hana wani kaso nasa shiga jini. Wato kina biyan kuɗin maikirogiram 50, amma ba duka jikinki ke samu ba. Ƙa'idarsa ita ce ciki babu komai, da ruwa zalla, sannan a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini, da ƙwayar kalsiyam, da farin ruwan nan da ake sha don ƙwannafi, sai bayan awa huɗu. Na san mai fita kafin gari ya waye don guje wa cunkoson Oshodi ba ta da awa ɗaya ta zaman jira. Ki ajiye ƙwayar da gorar ruwa kusa da shimfiɗarki, ki sha da zarar kin tashi sallar asuba, shayin kuma ya biyo baya in kin gama shiri, ko ma sai kin isa kasuwa.

Gwajin da ya ce ki yi shi ake kira TSH. Ana maimaita shi mako shida zuwa takwas bayan fara magani ko canza adadinsa, domin da shi likita ke gane ko ƙwayar ta ishe ki. Ke kin yi wata biyar, kin ga an daɗe da wuce lokaci. Maikirogiram 50 sau da yawa mafari ne kawai, da yawan manya sai an ƙara musu. Ki gaya wa likitan komai, har shayin. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi masu bayotin, ki faɗa masa, don suna rikita sakamakon gwajin.

Batun garin aidin kuwa, gaskiya ne ƙarancin aidin na kawo maƙoƙo, shi ya sa ake saka shi a gishirin da muke saye a leda. Sai dai a wajen mata da yawa masu wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke yaƙar tayirod ɗin, cutar da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana ta a 1912. Mai irin wannan in ta ɗirki aidin mai yawa, abin na iya ƙara lalacewa. Kuma yawanci magani ne na tsawon rai, don haka duk mai ce miki wata uku, aljihunki take hari.

In TSH ya fito daidai kuma gajiyar na nan, sai a duba wani wajen: ƙarancin jini, ciwon suga, rashin isasshen barci, ko damuwa. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da LUTH a Idi-Araba, kuma Ikeja ta fi miki kusa. In kuma kika samu juna biyu, kada ki daina sha, ki sanar da likita da wuri don galibi ƙarawa ake yi.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Mile 12: Mahaifiyata na shan Euthyrox, amma ya yi tsada kuma wani lokaci ba a samu. Na ga wani kamfani mai rahusa. In saya mata na wata shida in ajiye?

Allah ya saka maka da alheri kan kula da Hajiya. Euthyrox sunan kasuwa ne na lebotairoksin. In na ɗaya kamfanin ma lebotairoksin ne, sinadarin ɗaya ne, canzawa ba laifi ba ne in adadin maikirogiram ɗin bai bambanta ba. Abin gudu shi ne yau wannan gobe wancan. Ka zaɓi wanda za ka riƙa samu a kai a kai, a famasi mai rajista, mai lambar NAFDAC, ba a tiren masu talla a tasha ba. A yi mata TSH bayan mako shida zuwa takwas da canjin. Tsofaffi sun fi saurin jin illar wuce kima, don haka in ta fara kukan bugun zuciya, rawar hannu ko rashin barci, a kai ta asibiti ba tare da jiran ranar gwaji ba.

Na wata shida kam ban ba ka shawara ba. Zafi da danshin Legas na rage wa ƙwayar ƙarfi, kuma likita na iya canza adadin ka zauna da kwalaye a hannu. Na wata biyu ko uku ya isa. Ka bar ta cikin takardarta, nesa da murhu da taga, kuma ka duba ranar lalacewa kafin ka miƙa kuɗi.