Amsa Kan Gyaran Kankaren Da Wuta Ta Taɓa Da Ƙwayoyin Bakteriya

Ɗana, ka tambaye ni ko da gaske ne ana gyara kankaren da gobara ta lalata da ƙwayoyin bakteriya, kuma ko hakan zai hutar da mu daga fasa ginshiƙi a sake zubawa. Akwai gaskiya a ciki, amma sai ka fara sanin abin da wuta ke yi wa kankare.

Da zafi ya haura digiri 100 a ma'aunin Celsius, ruwan da ke cikin ƙananan ramukansa yakan zama tururi ya nemi mafita, wani lokaci har ya ɓamɓare fatar ginin. A wajen digiri 300, tsakuwar da ke da sinadarin ƙarfe takan koma ja-ja, kuma wannan launi shi nake fara nema duk lokacin da na shiga ginin da ya ƙone. Idan zafin ya wuce digiri 500, sinadaran da suka ɗaure siminti sun riga sun fara rushewa, yashi da tsakuwa suna kumbura, tsagogi suna yaɗuwa ciki da waje.

Aikin bakteriya yana kan waɗannan tsagogin ne. Akwai wani nau'i mai suna Sporosarcina pasteurii wanda ke narkar da yuriya, sinadarin nan da ke cikin fitsari da takin zamani, abin da ya fito daga ciki ya haɗu da kalsiyam, wani sinadari da ke cikin siminti, ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa, a hankali ya toshe tsagar daga ciki. Henk Jonkers na Jami'ar Delft a ƙasar Holan ya yi suna wajen zuba wasu ƙwayoyin bakteriya masu irin wannan aiki cikin kwaɓin kankare tun farko, domin su farka idan ruwa ya shiga tsaga. Sai dai wuta mai tsanani tana kashe su, don haka a ginin da ya ƙone sai ya huce tukuna a fesa ruwan da ke ɗauke da su da abincinsu, a maimaita, a bar wurin da danshi na kwanaki.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tsagar da suke iya toshewa siririya ce, ba ta kai milimita 1 ba. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne, domin yana hana ruwa isa ga rodi ya sa masa tsatsa. Amma ba sa mayar wa kankare duk ƙarfin da wuta ta cinye, ba sa kuma miƙe rodin da zafi ya lanƙwasa. Ginshiƙin da ke ɗauke da nauyin bene rayukan mutane ne a kansa.

Saboda haka idan aka kira mu irin wannan aiki, ka fara ƙwanƙwasa kankaren da guduma. Inda ya yi ƙara kamar fanko, ka sassaƙe shi har ka tarar da mai lafiya, sannan a kira injiniya ya haƙo samfuri a gwada ƙarfinsa kafin a yanke shawarar abin da za a fesa da abin da za a rushe.